Nawa Ake Canjin Haƙuri Yau a Ɗan Barto?

Duk mai son ya koyi yadda ake cin nasara a zaman duniya, kada ya wahalar da kansa zuwa Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kada kuma ya ɓata kuɗinsa wajen sayen littafi. Ya hau mota a tashar Matamaye ya sauka Ɗan Barto, ya nemi fadar samari mafi kusa da bakin titi, ya yi sallama, ya raɓa gefen tabarma. Kafin butar shayi ta tafasa zai ji sirrin arziki daga bakin mutanen da suka ƙware a bayaninsa har ba su da lokacin nemansa.

Karatun fada shayi yake bi. A zagayen farko, mai ɗaci, ana wa'azin haƙuri da gaskiya da wadatar zuci. A na biyu ana ƙidayar dukiyar mutane: wane ya sayi babur, wane ya yi rufin kwano, wane ya ƙara aure, to da kuɗin wa? A na uku ake tayar da maganar wanda zai biya sukarin gobe, kuma a nan ne malaman suke tunawa ana jiransu a gida.

Ba na ɗora musu laifin duka, wurin zaman ma yana da nasa. Ɗan Barto a bakin iyakar Nijar da Najeriya take. Ka ɗan gusa kudu kana Kwangwalam ta jihar Katsina, daga nan Mai'aduwa, sai Daura, sai hanyar Kano. Tun da Turawan Ingila da na Faransa suka kafa alamominsu tsakanin 1906 da 1908, aka raba gonaki, aka raba dangi, aka bar mu da aljihu biyu, ɗaya na sefa ɗaya na naira. Yaron da ya tashi a nan yakan iya lissafin canji tun bai iya wanke allonsa ba. Abin da na lura da shi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne halin kirki ma mun kai shi teburin ɗan canji. Da safe yana da farashi, da yamma yana da wani.

Dubi maganar aure. In aka zo neman yarinya, dattawa sukan gyara zama su ce su hali suke dubawa da asali, dukiya ai ta Allah ce. Madalla. Sai dai a farkon shekarun 1980, lokacin da naira ɗaya take sayen ɗaruruwan sefa, binciken dattawa yakan gano cewa duk saurayin da yake ci-rani a Kano yaro ne mai hankali, mai ladabi, ɗan gidan mutunci. Da ya sauko da rediyo mai kaset da agogon hannu, ko gaisuwa ya yi a tsaye sai a ce gajiyar hanya ce. A 1994 aka karya darajar sefa da rabi, hankalin yaran Kano ya ƙara yawa. Yau reshe ya juye da mujiya. A 2024 jika ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu, sai ga shi binciken dattawa ya fara gano cewa yaran da ke zuwa Kano ba su da natsuwa, kuma gaisuwar tsaye rashin tarbiyya ce. Saurayin bai sauya ba, hularsa ma ita ce ta bara. An ce hali zanen dutse, to namu dutsen kullum sai an leƙa waya an ga yadda kasuwa ta kwana kafin a karanta shi.

Haka aka yi wa 'yan ruwa-ruwa, samarin nan masu ɗaure jarkokin fetur a babur har sai ka rasa inda mutum ya zauna. Shekara da shekaru su ne abin misali a fada. "Kai dubi yaron nan, mai zuciyar nema! Ba ya zaman kashe wando!" Mai faɗin haka a zaune yake, kuma wandon nasa ya ji jiki. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur a Najeriya ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, riba ta tsere. Kafin mako ya zagayo, fada ta sake fatawa: ai dama yaran nan ba su da tanadi, kuɗin mai ba ya albarka, mu mun sha faɗa musu su koma gona. Da aka shiga watan Maris na 2025, motoci suka yi dogon layi a gidajen man biranen Nijar, matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 ta kasa ƙosar da ƙasa ita kaɗai, sai fada ta sake zama ta gano cewa ashe yaran nan su ne suke riƙe da ƙasa, kuma ita fada ta daɗe da sanin haka. Ban taɓa ganin majalisar da ba ta taɓa kuskure ba sai wannan.

Zumunci kuwa, Allah ya saka wa Muhammadu Buhari da alheri, shi ya farfaɗo mana da shi. Da ya rufe iyakokin Najeriya a watan Agusta na 2019, mutanen da suka shekara goma ba su leƙa gwaggonsu ta tsallake ba sai ƙaunarta ta taso musu. Kuma ba su zuwa da rana, kada a ce riya suke yi. Sai tsakar dare, ta hanyar gona, fitilar babur a kashe, da buhun shinkafa biyu na gaisuwa. Gwaggon dai har yau ba ta ga ko ƙwaya ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024, zumunci ya sake bunƙasa. Da gari ya waye, masu ziyarar nan su ne a sahun gaba wajen tsine wa shugabannin da ba su bin doka.

Amma duk cikin kayan kasuwar nan babu mai daɗin ciniki kamar haƙuri, domin shi kullum bayarwa ake yi, ba a karɓa. Wanda ka bai wa bashi shi zai ce maka ka yi haƙuri, har ya ƙara maka da cewa mahaƙurci mawadaci, alhali wadatar taka tana aljihunsa. Mai gida ya ce wa yaron shago ya yi haƙuri da kuɗin wata. Miji ya ce wa mata ta yi haƙuri da cefane. Ita kuma ta juya ta ce wa yara su yi haƙuri, tuwo sai dare. Yaran su fita su jefi akuya. Kullum gangarawa yake yi, ban taɓa ganin ya hau tudu ba. Ka gwada ce wa Alhaji ya yi haƙuri da kuɗin hayarsa zuwa kaka, ka ga yadda fuskar mai wa'azi take komawa. Shi kuwa Alhajin, in zai yi maka nasihar wadatar zuci, sai ya sauke gilashin mota rabi, don kada sanyin ciki ya fita. "Ɗana, duniyar nan ba komai ba ce." Na'am, Alhaji, Allah ya ƙara girma. To a ɗan sam mana kaɗan daga cikin ba komai ɗin mana.

Sai uwa uba, rufin asiri. Tambayi kowa a garin nan abin da yake roƙo, zai ce maka shi ba ya son dukiya, rufin asiri kawai yake nema. Ka bari ranar jeren 'yarsa ta zo. A ranar za ka ga asirin da aka rufe an ɗora shi a kan amalanke, an bi da shi ta hanya mafi tsawo, ta gaban kasuwa, ta ƙofar gidan kishiyar uwar amarya, da guɗa. Gado da katifa da kabad da kwanukan da ba za a taɓa cin abinci a cikinsu ba har su yi tsatsa. Mata su shiga ɗaki su fito, kowace ta zama ma'aikaciyar ƙidaya: kwano nawa, zane turmi nawa, na 'yar wance ya fi da biyu. Ga kuma biki, bashin da ake ci da dariya. Ƙawarki ta kawo miki jika biyu ranar sunanki, ke sai kin mayar da huɗu ranar nata, ita ta dawo da takwas. Ko ɗan canjin bakin iyaka bai taɓa mafarkin irin wannan riba ba. Akuya ta tafi, tunkiya ta bi ta, a jinginar da gefen gona, duk don kada a ce. Wa zai ce? Waɗanda su ma bashin ne a wuyansu.

A nan dariyar takan tsaya mini a maƙogwaro, domin kowa a ƙasarmu ta Kance ya san inda wannan hanya take kaiwa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yara 52, mata 33, maza 7, kuma da yawansu daga yankin nan suka tashi. A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta aika jirgi har Dakar ta kwaso ɗaruruwan 'yan Nijar da ke bara a titunan Senegal, akasarinsu mutanen Kance da Magarya. Ba zan zauna a inuwa in ce kwanukan jere ne kaɗai suka kore su ba. Mutane sun yi yawa, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke kallonta, kuma hatsin gidaje da yawa ba ya kai su ko bazara. Yunwa gaskiya ce. Amma ido ma gaskiya ne. Wance ta dawo daga Tamanrasset ta yi ginin siminti, ranar nan gari ya fita kallo, ba wanda ya tambayi yaran da ta tafi da su sun yi wata nawa ba su ga allo ko aji ba. Washegari maƙwabciyarta ta fara sayar da awakinta.

Wanda nake so in ja wa kunne shi ne maigidan da ta bari a gida. Yana fada, ya harɗe, yana bayani kan mutunci da yadda matan zamani suka rasa kunya. Waya ta yi ƙara, ya tashi ya koma gefe, ya rage murya: "To, an turo? Nawa?" Ya dawo ya zauna, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ranar nan ce kaɗai ake samun wanda ya biya sukari ba gardama.

Akwai kuma wani mutum da fada ba ta sa shi a lissafin masu nasara, ko a zagaye na nawa. Kowace unguwa tana da irinsa. Tsoho ne mai riga ɗaya ta Juma'a, wayarsa mai madannai ce, ɗaure da roba. Da rani yana fadama wajen rake da kayan lambu, da damina yana gonar gero. In yana sharar gona ya ga tsiron gawo ba ya sare shi, sai ya rage masa rassa ya bar shi ya tashi. Gawo kuwa, kowa ya sani, da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani. Irin wannan tsoho da takwarorinsa ne suka mayar da ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya abin kallo, har masu bincike suka zo a 2006 suka ƙiyasta cewa gonakin da aka raya itatuwa a cikinsu ta wannan hanya sun kai kimanin hekta miliyan ɗaya. Baƙi sukan taso daga wata uwa duniya su ɗauki hoton itatuwansa. Hukuncin fada a kansa gajere ne: bai waye ba, ko Kano bai cika zuwa ba.

Sai watan Agusta ya kama, rumbuna su yi fayau, sabon hatsi bai nuna ba. A lokacin za ka ga malaman fada ɗaya bayan ɗaya suna bin bayan gari da magariba, da buhu a naɗe a hammata.

"Salamu alaikum, Baba, an wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya mutan gidan?"

"Alhamdu lillahi. Dama tiya biyar nake so a taimaka mini da ita, zuwa kaka in Allah ya yarda."

Tsoho ya shiga ya auno. Kuma wallahi, yana cikin awon, mai aron ba zai iya riƙe bakinsa ba. "Baba, ai da za ka ji shawarata, da ka sare itatuwan nan ka sayar, ka sayi babur ka ba yaro kabu-kabu. Zamani ya sauya, sai da dabara." Tsoho ya ce to, Allah ya sa mu dace, ya ɗaure masa bakin buhu, har ya ƙara masa da kuɓewa busasshiya a kai wa yara.

Ban ce tsohon waliyyi ba ne. Yana da rowar gishiri, kuma in ya fara labarin yunwar 1984 sai ka nemi hanyar gudu. Ban kuma ce kowa ya koma gona ba, gonar ma ina take? Wani rabonsa a kasuwar Mai'aduwa yake ranar Lahadi, wani a ɗinki, wani a aji. Abin da na ce shi ne, a duk garin nan shi kaɗai na sani wanda farashinsa bai motsa ba, ko naira ta hau ko ta sauka, ko an rufe iyaka ko an buɗe.

Don haka, 'yan'uwana na fada, ku da kuka karɓi gero a wurinsa bara da bara waccan, kaka biyu ta wuce. Kun san kanku, shi ma ya san ku, kunya ce kawai ta hana shi aike. A mayar masa da tiyoyinsa kafin damina ta sake kamawa, a haɗa da buhun, domin shi ma aro ne.