Jinjina ga Rahoton Muhalli

Duk mai cewa ba a kula da muhalli a ƙasar nan bai taɓa ɗaga rahoton muhalli na wata masana'anta ya ji nauyinsa ba. Bango mai sheƙi, hoton bishiyoyi kore shar, ga sa hannun ƙwararre, ga hatimi dangwale. Kai, madalla da aiki!

Doka ma ta yi abin a yaba. Sai da aka jibge mana gubar Italiya a garin Koko a 1988 sannan muka farka muka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1992 aka kawo dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, a 2007 kuma aka kafa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA. Yau masana'anta za ta miƙa rahoto duk bayan shekara uku, ta faɗi abin da take zubarwa a ruwa da wanda take turawa sama. Babbar hikimar ita ce, kamfanin ne ke ɗauko ƙwararren da zai bincike shi, kuma shi ke sallamarsa. Ina laifi? Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san wanda bai kamata ya gani ba.

Ku leƙa Kano ku sha mamaki. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun Bompai yakan bi rafin Getsi ya faɗa Jakara, har ya kai dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa kuwa Salanta yake bi ya gangara kogin Challawa. Yau baƙi ƙirin, gobe ja, jibi da kumfa a ka, ga wari mai sa mai babur ya toshe hanci da gefen rawani. Masu jimar fata ba su yi rowa ba: sinadarin kuromiyom da suka saya da kuɗinsu, kyauta suke sakar wa manoman rani, su kuma su ja da injin ban-ruwa su shayar da salak da kabeji. Mu saya, mu yanka, mu barbaɗa ƙuli-ƙuli. A takarda dai komai “bai wuce ƙa'ida ba”.

In wani kamfani ya kunna injin tace ruwansa ranar ɗibar samfur kaɗai, kada a zarge shi. Gas ya yi tsada, kuma karrama baƙo al'adarmu ce.

Matsala ba ta tasowa sai bare ya sa baki. Ku dubi harkar man fetur: doka ta ce a sanar da hukumar NOSDRA duk malalar mai cikin sa'o'i 24, ana ta cike fom lami lafiya, sai ga hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta je ƙasar Ogoni ta auna da kanta, ta fitar da rahoto a 2011. Wai ta samu sinadarin benzin a ruwan shan garin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Wa ya aike su? Da sun tambayi masu abin, da an ba su lissafi mai daɗin ji.

Saboda haka ina kira ga hukuma ta hukunta masu laifi na gaskiya: kifin da ke mutuwa ba tare da izinin ƙwararre ba, da yaran da ƙafafunsu ke ƙaiƙayi bayan rahoto ya ce lafiya lau. Shi kuwa kogin Jakara, a ci shi tara mai tsanani, don ya daina ƙaryata takardar da aka biya kuɗi aka rubuta.