Yadda Za Ka Kama Malam Ba-Ni-Ba-Ne a Manhajarka

Babu ofishin da ba shi da ma'aikaci mai suna Malam Ba-Ni-Ba-Ne. Ba ya karɓar albashi, ba ya zuwa taro, amma shi ke rage farashin buhun siminti da tsakar dare, shi ke ƙara wa ɗalibi maki, shi ke goge sunan mai bashi. In kai ne ka gina wa mutane manhajar intanet da Django, to kama wannan bawan Allah yana wuyanka.

Fara da ba kowane jadawali gurbi huɗu: wa ya shigar da bayani, yaushe, wa ya taɓa shi a ƙarshe, yaushe. Masu sana'ar suna kiransu created_by, created_at, updated_by da updated_at. Rubuta su sau ɗaya a aji mai alamar abstract = True, sauran azuzuwan su gada. Na lokaci ba su da rigima, auto_now_add da auto_now sun wadatar. Na mutane kuwa, tunda duka biyun jadawalin masu amfani suke nunawa, Django zai kafe sai ka raɗa wa kowanne related_name nasa.

Daga nan za ka tarar cewa Django ya san ƙarfe nawa, amma bai san wane ne ba. Da dalilinsa. Sunan wanda ya shiga yana cikin request.user, shi kuwa ajin bayanai ba ya ganin wannan, domin ana iya adana bayani daga aikin da sabar ke yi ita kaɗai da asuba, kowa na barci. Saboda haka da hannunka za ka kai sunan: a save_model in shafin gudanarwa ne, a form_valid in fom ne, a perform_create in Django REST framework kake amfani da shi. Don girman Allah kada ka bar gurbin a fom ka ce mutum ya zaɓi sunansa da kansa. Malamin namu zai zaɓi sunan abokin aikinsa da ya tafi Umara. Sa editable=False ka huta.

Wani gwani zai raɗa maka gajeriyar hanya: ka ɓoye sunan mai amfani a zaren da ke yi masa hidima, ajin ya ɗauka daga can, kamar yadda django-crum ke yi. Tana aiki. Sai dai in ka haɗa taka da hannu ka manta share sunan bayan an gama, zaren nan zai karɓi baƙo na gaba da sunan na baya, sai ka ga an liƙa wa Hajiyar kuɗi aikin da aka yi tana kan sallaya. Tun da Django 3.1 ya zo a 2020 da shafukan da ke aiki ba jiran juna, wanda ya nace wa wannan hanya sai ya koma ga contextvars da Python 3.7 ya kawo. Ni dai na fi son a miƙa sunan a fili, kowa na gani.

Yanzu ka gyara zama, ga on_delete. In ka rubuta CASCADE, ranar da akawu ya yi ritaya aka goge asusunsa, duk rasit ɗin da ya taɓa yankawa za su tattara su bi shi gida. In ka rubuta SET_NULL, rasit za su zauna, sunan ya ɓace, ka yi wa Malam Ba-Ni-Ba-Ne ƙarin girma ke nan. Rubuta PROTECT, wanda ya bar aiki kuma a mai da is_active nasa False. Littafin jagorar Django ma shawarar da ya bayar ke nan: a kashe asusu, kada a goge.

Akwai ƙofar baya. Umarnin update() da bulk_create() ba sa bi ta save(), kuma update() ko agogon auto_now ba ya motsawa. Bayani dubu zai canza, jadawali ya rantse ba wanda ya zo. Duk inda ka yi amfani da su, rubuta suna da lokaci da kanka.

Kada kuma ka ɗora wa updated_by abin da ya fi ƙarfinsa. Allo ne, in an yi sabon rubutu an wanke tsohon. Wani ya rage kuɗi ranar Talata, ranar Laraba wata baiwar Allah ta gyara harafi ɗaya a sunan mai kaya, shi ke nan sunanta ya hau, ita za a kira ofishin Oga. Wannan zalunci ne, kuma kai ka gina shi. Maganinsa cikakken tarihi: django-simple-history ko django-reversion suna ajiye kowane canji da mai shi. Rajistar da shafin gudanarwar Django ke ajiyewa kuwa abin da aka yi a shafin kaɗai take gani.

Saura magana ɗaya, kuma ta Oga ce. Ranka ya daɗe, in ma'aikata bakwai suna shiga da asusunka, kalmar sirrin tana manne a jikin kwamfuta, to duk wahalar da yaron da ya gina manhajar ya sha ta tashi a banza, kuma kowace ɓarna da sunanka za ta fito. A buɗe wa kowa asusunsa, a faɗa musu tun ranar farko cewa ana rubuta komai, a cire takardar kalmar sirrin nan daga jikin kwamfuta yau.