Ƙaiƙayin Hannu

Idan ka ji ni ina magana da masu ba ni aiki, sai ka rantse ba a taɓa haifar mai haƙuri irina ba. Nakan ce musu, "Ranka ya daɗe, na'urar da za a ɗaure a ƙauye ba a taɓa ta sai da ƙwaƙƙwaran dalili." Su gyaɗa kai, su sa hannu. Ba su san duk daren Lahadi ina nan ina leƙen ko Linus Torvalds ya saki sabon gwajin kanel ɗin Linux ba, sai ka ce ni ya bar wa wasiyya.

Sana'ata haɗa ƙananan akwatuna masu Linux a ciki, waɗanda ke lura da famfon sola a rijiyoyin burtsatse, su aiko da rahoto ta layin waya. Aikin akwatin bai canza ba tun ranar da aka kunna shi: ya auna ruwa, ya aika lamba, ya yi shiru. Bai taɓa roƙona sabon abu ba. Ni ne dai hannuna ke ƙaiƙayi.

Masu yin Linux kuwa ba su tausaya wa mai irin cutata ba. Duk mako tara ko goma sai sabon kanel ya fito: mako biyu ana zuba sababbin abubuwa, sauran ana gwaji, daga rc1 zuwa rc7, wani lokaci har rc8. Buildroot, wanda da shi nake haɗa manhajar akwatunan, sau huɗu yake fita a shekara, Fabrairu, Mayu, Agusta da Nuwamba. Yocto sau biyu. Sun san akwai masu hankali, shi ya sa suka ware musu nasu. A Buildroot na Fabrairu ake daɗewa ana kulawa da shi. Yocto na da Kirkstone na 2022 da Scarthgap na 2024, kowanne shekara huɗu. Har akwai CIP, ƙarƙashin Linux Foundation, masu riƙon kanel guda aƙalla shekara goma saboda jiragen ƙasa da masana'antu. Duk na haddace wannan, ina ma koyar da shi. Amma na Mayu na fitowa sai in ji na Fabrairu ya gundure ni.

Hujjata kullum tsaro. Ina buɗe baki sai Mirai, ƙwayar cutar da ta mamaye kyamarori da rautoci a 2016 har ta durƙusar da manyan shafukan intanet. Abin da nake haɗiyewa shi ne, Mirai ta kalmar sirrin da masu kaya ba su canza ba ta shiga, kuma zubin dogon zango ai shi ma ana yi masa facin tsaro, don haka ma aka yi shi. Sai Maris na 2024 ya zo, Andres Freund ya bankaɗo ƙofar baya da aka dasa a manhajar xz 5.6.0 da 5.6.1. Wa ta kama? Masu rububin sabon fitowa. Masu Debian tsayayye na ta sharar barci. Makon nan ban cika ɗaga murya a shago ba.

Amma mai neman hujja ba ya rasawa. A 2023 aka ce kanel na dogon zango zai koma shekara biyu maimakon shida, domin masu riƙonsa sun gaji, ga ƙarancin masu gwada tsofaffin. Maganar na da gaskiya a ciki: wanda ya zauna kan tsoho shekara da shekaru, ranar ƙaura sai ya ji a jikinsa, don komai ya canza a lokaci guda. Na ɗauki wannan gaskiyar na mayar da ita lasisi.

Haka wani dare na tura sabon zubi ga akwatunan gaba ɗaya, bayan na gwada shi a kan teburina, inda ba a rasa wuta ko sabis. Sun tashi lafiya lau. Sai dai modem ɗin da manhajar ke nema a ttyUSB2 ya koma wata lamba, akwatunan suka zama kurame, hanyar da zan aika musu gyara kuma ita ce ta toshe. Sauri ya haifi nawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a kan acaɓa. Tsanin tankin ƙarfe da azahar ba a riƙe shi da hannu tsirara, sai na naɗe da hulata, kwamfuta a cinya, ina lalubar ƙananan fil uku da zan soka wa waya, yara a ƙasa suna jiran in faɗo. Mai unguwa ya ɗaga kai ya ce, "Injiniya, jiya fa lafiya take. Me ya same ta?" Na ce, "Yallaɓai, inganta ta aka yi." Ya daɗe yana kallona.

Yarona na shago ne ya kawo magani, ba tare da ya ce uffan kan halina ba. Ya raba ma'ajiyar kowane akwati gida biyu da RAUC. Sabon zubi na shiga gida ɗaya, tsohon na zaune a ɗayan, in sabon bai iya gaisawa da sabarmu ba sai akwatin ya koma wa tsohon da kansa. Sannan ya roƙi makullin sa hannu a kan manhaja, wai zai adana mini. Har yau yana adanawa.

Na sayi allo guda na kaina, babu famfo a jikinsa, babu mai unguwa, ina ɗora masa duk rc da ya fito. Na ɗauka hakan zai ishe ni. Shekaranjiya na ji bakina yana cewa akwai akwati ɗaya nan kusa da gari, hanyarsa kwalta ce, ko za mu ɗan gwada a kansa. Yaron nawa bai ko ɗago daga abin da yake yi ba ya ce, "Oga, sai Fabrairu."