Mai Yafiya da Ƙafar Wani

Wata biyu na yi a kwance bayan da mota ta kaɗe ni a Titin Zariya, kuma wanda ƙafarsa ke ɗaure ba shi da sana'a sai ƙirga ire-iren mutanen titi.

Akwai Mai Tafin Hannu. Ba ya duba gabas, ba ya duba yamma, tafi kawai zai ɗaga wa tirela ya sa kai, kamar shi ya haifi hukumar kula da hanya ta KAROTA. Akwai Hajiya Mai Sake Shawara, wadda sai ta kai tsakiyar kwalta take tuna ta bar canjinta wajen mai tumatir, ta juya babu sallama. Akwai wanda aka gina wa gadar masu ƙafa, amma ya tattare babbar riga ya haura shingen ƙarfe a ƙarƙashinta, wai hawa matattakala na sa masa ciwon gwiwa. Mai tsallaka titi yana amsa saƙon WhatsApp kuwa, ba zan tsananta masa ba. Ina da dalilina.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, ɗan adaidaita ya gaji sana'ar har da halin. Kana lura da hannun da motoci ke tahowa, sai ya ɓullo ta ɗaya hannun, ya taka ka, ya leƙo: "Haba Alhaji, ba ka gani ne?"

Amma gwanina shi ne Baba Sulhu. Bai ga yadda aka yi ba, bai san ka ba, sai dai kafin ka bambance sama da ƙasa yana tsaye a kanka, carbi a hannu, goro a kunci. Ya dubi ƙwaurina da ya lanƙwashe ya ce, "Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Sannan ya dafa kafaɗar direba: "Kwantar da hankalinka, yaro, mun yafe."

Mun! Shi da wa? Ni dai a lokacin salati kawai nake yi.

Washegari sai ga shi a asibiti, ya jagoranci dangin direba, da ledar lemo da ayaba. Suka zauna, suka yi addu'a, shi ya shanye rabin lemon. Da ƙanena ya fito da takardun kuɗin hoton ƙashi da na magani, Baba ya dube shi kamar ya yi ashar a masallaci. "Kai yaro, kuɗin jini za ku ci?" Ya kawo shawarar a ɗauke ni a kai ni wajen wani mai ɗori a ƙauyensu, wanda zai karya ƙafar kaza, ranar da ta taka ni ma in taka. Na tambaye shi in kazar ta mutu fa. Ya ce ciwo ya sa ni surutu.

Babban abin da yake tsoro shi ne magana ta kai ga hukuma. Alhali doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni. Tun Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, kuma ba don nuna wa ɗan sanda a shinge kaɗai aka yi ta ba, don irina aka yi ta. Sai dai kamfani zai nemi rahoton 'yan sanda da takardun asibiti, su ne kuma Baba ke hana a tara. Shari'ar Musulunci ma ta tanadi diyyar rauni ko da kuskure ne, kuma wanda aka ji wa ciwon shi ke da ikon yafewa. Baba ya san haka sarai. An ce ranar da babur ya take masa akuya, sai da aka biya shi har da 'ya'yan da ke cikinta.

Duk waɗannan ina tuna su in yi dariya. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai ɗaukar bidiyo. Ina kwance jini na zuba, na ɗaga kai na ga wayoyi sun yi mini rumfa, wani har yana cewa a matsa, an tare masa haske. Kafin a kira gida, matata ta riga ta gan ni a wayar maƙwabciya. Wani ɗan garuwa ne ya bar kurarsa a bakin titi, ya cicciɓe ni ya sa a adaidaita, ya tafi ban ko ji sunansa ba.

Ɗan'uwa, in har hannunka ba zai iya haƙura da wayar nan ba, ɗauki lambar motar. Sannan ka sa wayar a aljihu, ka zo ka kama mini ƙafa.