Kuɗin Iska a Kofin Gahawa

Ni dai na daɗe da yanke hukunci a rigimar latte da cappuccino: gahawar ɗaya ce, madarar ɗaya ce, iska ce kawai ta raba su. Dukansu da espresso ake farawa, wato gahawa mai kauri da na'ura ke tatsowa da ruwan zafi cikin kamar daƙiƙa 25. Cibiyar espresso ta Italiya ta ƙayyade cappuccino da mililita 25 na gahawa da 100 na madara, a busa wa madarar tururi har ta kumbura ta cika ɗan kofi. Latte kuwa malala masa madara ake yi, kumfar ta tsaya 'yar siririya a sama. Ke nan mai cappuccino kuɗin iska ya biya, mai latte kuma madara yake so, kunya ce ta hana shi faɗa, gudun a ce ƙato da shi. Mai shayin bakin titi da ke ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayi har ya yi kumfa bai taɓa ƙara ko kwabo ba don wannan aikin.

Na san masana za su taso mini da cewa ɗanɗanon ya bambanta, ɗacin gahawa ya fi fitowa a cappuccino tunda madarar kaɗan ce. Ban musa ba, amma a ɗan kofin Milan ake samun haka. Tun da Howard Schultz na kamfanin gahawa na Starbucks ya ziyarci Milan a 1983 ya koma Seattle da sha'awar abin, kofi ya yi ta girma a Amurka, har Starbucks ta kai ga wanda ke cin kusan mililita 590. A irin wannan randar, cappuccino latte ne da ya sa hula. Ka ɗaga ka karkata, babu abin da ya zo bakinka sai iska. Ka ƙara karkatawa, shiru. A karo na uku ruwan zafin da ya laɓe a ƙasa ya kwararo gaba ɗaya, harshe ya ƙone, kumfa ta hau hanci ta zauna a gashin baki, kai kuma kana ta bayani cikin natsuwa ba ka san abin da ake wa murmushi ba.

Masu abin ma, wato Italiyawa, ba su sauƙaƙa wa baƙo ba. A Rum cappuccino na karin kumallo ne, wanda ya nema bayan abincin rana za a ba shi, amma da wani irin kallo. Wanda kuma ya ce latte kawai, madara zalla za a dire masa a gilashi, don abin da ya nema ke nan a harshensu. Saboda haka mai karatu, in cappuccino kake so, nemi ƙaramin kofi da safe, ka ajiye hankici kusa. In kuwa madara ce a ranka, faɗi kanka tsaye, ba wanda zai kama ka.