Golf Ɗina Mai Okzilare

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tashar Dukku ya san abin da Golf 3 ke iya ɗauka: mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, buhunan wake a but, akuya a ɗaure a kan buhunan. Jamusawa sun daina ƙera ta tun kafin shekarar 2000, amma a Gombe har gobe tana cin kasuwarta. Tawa ta girmi ɗana na fari. Aibinta ɗaya ne: tayoyin gaba kaɗai ke ja, na baya 'yan rakiya ne.

A cikin gari wannan bai dame ni ba. Damuwar tana gonata, can bayan Kwadon, inda ake sauka daga kwaltar Dadin Kowa a kama hanyar amalanke. Ƙasar wajen baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage ta yi tauri, ruwan Agusta na sauka kuwa in ta kama taya ba ta saki. Kowace damina sai samarin ƙauyen sun tura ni na sallame su da na goro, har ta kai in suka jiyo ƙarar injina daga nesa sai su fara naɗe ƙafar wando. Kuɗin turin bai taɓa yi mini ciwo ba kamar Hilux ɗin da kan zo ta wuce ni ina tsaye cikin taɓo, direbanta ya ɗago mini hannu yana "sannu Malam" da gilashi a rufe.

Albashin malamin makaranta ba ya sayen Hilux, amma yana sayen data. Da ita na gano cewa kamfanin Volkswagen da kansa ya yi Golf mai jan ƙafa huɗu, ana ce mata Syncro. Har wata suka yi mai suna Golf Country a 1990 da 1991, wadda aka harhaɗa a garin Graz na ƙasar Ostiriya don shiga daji. A Faransa kuma wani kamfani, Dangel, ya riƙa ɗaukar Peugeot 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, yana mayar da ita mai okzilare, wato mai jan ƙafa huɗu. Na ce to, Bafaranshe dai hannu biyu gare shi, ɗan unguwar Jekadafari ta Gombe ma haka.

Na kai wa bakanikena maganar. Ya saurare ni yana goge sifana da tsumma, ya zagaya motar, ya daki tayar baya da ƙafa.

"Malam, ƙaramin aiki ne. Kai dai kawo kaya."

Wanda ya san bakanike ya san wannan magana ita ce mafi tsada a bakinsa. Ni ma na sani. Washegari na hau motar Kano.

A Ƙofar Ruwa na yi sa'a, ko abin da na ɗauka sa'a ne a lokacin: na samu giyabos na Syncro ɗan Beljiyam, da ɗan akwatinsa a gefe wanda ke tura ƙarfin inji zuwa baya. Aksul ɗin bayanta ne aka rasa. Wani ɗan kasuwa ya ja ni lungu ya nuna mini na wata motar Japan da ta yi hatsari, da farfelarta doguwa. Na ce masa motata Bajamushiya ce. Ya ce, "Alhaji, ƙarfe bai san ƙasarsu ba." Tun da aka haife ni ba a taɓa ce mini Alhaji da irin wannan ladabi ba. Na biya.

Sai da aka kifa motar a gefe guda a kan tsofaffin tayoyi na fahimci cewa ƙarƙashin Golf babu filin da ba mai shi. Inda farfela za ta bi, salansa ce a kwance. Inda aksul zai zauna, tankin mai ya tare gaba, ramin safaya ya tare baya. Aka kira mai walda, wani dogo da ke aiki da baƙin tabarau irin na 'yan gayu, ya tsaga ƙasan motar daga gindin giya har kujerar baya, ya lanƙwasa wani falankin ƙarfe ya rufe. Salansa aka karkato da ita ta fito ƙarƙashin ƙofar fasinja. Aka yanke ramin safaya, safayar ta koma kujerar baya ta zama fasinja ta dindindin. Tanki kuma aka cire shi ɗungurungum, aka ɗaure jarka a but da igiyar roba, aka zura mata tiyo. Farfelar ta yi tsawo, sai dogon ya auna ta da taƙi, ya yanke, ya haɗe, ya ɗaga ta sama ya kanne ido ɗaya ya ce ta miƙe.

Uwargida ta leƙa but ɗin ranar da na dawo da motar gida, ta daɗe tana kallon jarkar.

"Malam, to ina za a sa masarar?"

Na ce mata mace ba ta san harkar mota ba. Ta ce gaskiya ne, ita masara ta sani.

Gwajin farko a kan kwalta na yi shi. Daga giya ta uku sai motar ta kama karkarwa, madubin tsakiya ya sunkuyar da kai, haƙorana suka riƙa haɗuwa. Da na zo kwanar shiga Pantami na karya sitiyari, sai ta yi tsalle sau da yawa tana ƙugi, tayoyi na kuka, 'yan acaɓa suka dare. Dalilin, kamar yadda na karanto daga baya, ba ɓoyayye ba ne. A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya, shi ya sa Syncro ta asali take da wani tulu cike da ruwa mai kauri tsakanin gaba da baya, wanda ke barin su su ɗan saɓa. Mu ba mu da shi, farfela muka ɗaure kai tsaye. Sannan haƙoran aksul ɗin Japan ba su yi daidai da na giyar Jamus ba, don haka baya na son gudu, gaba na son a bi a hankali. Motar ta zama kamar gidan kishiyoyi, ni kuma maigidan da ke tsakiya riƙe da sitiyari. Ga shi duk wannan bayan Mayun 2023 ne, an cire tallafin mai, jarkar kuwa fara ce, kana iya juyowa ka ga kuɗinka na sauka.

Bakanike ya ce kada in damu, ai ba don kwalta muka yi ta ba. "A laka za ka ga aikinta, Malam."

Na jira aka yi ruwa mai kyau, na ɗauki Bappa don ya zama shaida. Ya zauna a gaba, hayaƙin salansa na shigo masa ta taga, yana jan carbi bai ce uffan ba. Samarin ƙauye na hango mu suka miƙe. Na ɗaga musu hannu irin na mai Hilux, na taka totur.

Zan faɗi gaskiya don kada a zalunci mai walda: tayoyin nan huɗu duk sun juya. Da can rami biyu nake tonawa in na maƙale, ranar na tona huɗu, cikin rabin lokacin. Motar ta nutse a hankali har cikinta ya zauna daram a ƙasa, sabon aksul ɗin da ya fi komai saukowa ya shige laka ya kafe. A nan na tuna abin da na tsallake a karatuna: masu Golf Country sai da suka ɗaga jikin motar sama sosai kafin su ce ta shiga daji.

Samari suka zo suka tura, ko gezau, don ƙarafan Kano sun ƙara mata nauyi. Wani ɗan acaɓa ya ratsa ta gefenmu da buhun taki biyu a baya, ya yi mana sallama. Bappa ya buɗe ƙofa, ya tattare babbar rigarsa, ya dubi ramukan ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana, nawa ka ce ka kashe?"

Na faɗa masa rabi. Ya ce da kuɗin shanun huɗa biyu ke nan har da amalanke. Shanun huɗar ne kuwa aka ɗauko suka ja mu, kuma mai su ya caje ni ninki, wai motar ba irin wadda ya saba ja ba ce.

Da muka koma gareji, bakanike ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfelar cikin 'yan mintoci, karkarwa da tsalle suka tsaya cak. Yanzu Golf ɗina ta koma jan ƙafa biyu, tana yawo da aksul ɗin Japan a matsayin kaya, ba but, ba tanki, safaya a kujerar baya. Masarar bana Keke Napep na ɗauka haya ya kawo ta daga bakin kwalta. Na nuna wa bakanike hoton Golf Country a waya don ya ga inda aka kuskure. Ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya ƙura masa ido, ya ce ashe ɗagawa kawai ta rage, kuma ya san wani mai shokozoban Hilux a Panteka ta Kaduna.

"Ƙaramin aiki ne, Malam."

Na ce ya tambayo mini farashi, amma kada ya kira ni in ina gida.