Wa Zai Sayi Gunki? Ga Amsarku, Mutanen Kurfi

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Alhaji na Dutsin-Ma zai gyara zaman hula ya ce, "Malam, yau kuma tallan gumaka ka koma?" Na Kurfi kuwa ba zai ɓata yawunsa ba, tsaki kawai zai ja ya tambayi farashin buhun gero. To ku sha kuruminku, ban ce kowa ya ajiye gunki a ɗaka ba. Maganar kuɗi na zo da ita, kuma ban taɓa ganin Bakatsine ya tashi daga majalisa ana tsakiyar maganar kuɗi ba.

Akwai wani Bajamushe mai sassaƙa, Arno Breker, an haife shi a 1900, ya mutu a 1991. Ya goge hannunsa a Faris, ya koma gida ya shiga jam'iyyar Nazi a 1937, ya zama ɗan lelen Hitila. Shi ya yi ƙattin mutum-mutumin tagulla biyu da suka tsaya a ƙofar sabuwar fadar gwamnati a Balin. Da Hitila ya je kallon Faris a watan Yunin 1940, bayan sojojinsa sun ci garin, Breker na gefensa a hoto. Yaƙi ya ƙare, uban gida ya halaka, kun san hukuncin da aka yi wa yaron gida a 1948? Aka ce ai ɗan rakiya ne, aka ci shi tarar maki 100, ya kaɗe riga ya koma bakin aiki. Har kan Anwar Sadat na Masar ya sassaƙa daga baya.

Alhaji, na ji ka: "Su Jamusawa suka jiyo, ina ruwan Dutsin-Ma?" Yi haƙuri, ina tafe.

Har yau Jamusawa ba su gama rigima a kan Breker ba. Da aka baje kolin ayyukansa a garin Schwerin a 2006, sai da ƙura ta tashi. Ƙananan tagullarsa na shiga gwanjo, ana tayawa ana sallamawa, amma manyan na zamanin Hitila sun zama kayan ɓoye. A 2015 'yan sanda suka fasa wani rumbun ajiya a Bad Dürkheim, suka tarar da ayyukansa tare da dawakin tagulla na abokin sana'arsa Josef Thorak, waɗanda ake nema wa mai saye a asirce kan miliyoyin yuro. Mugun suna bai karya farashi ba, ƙofar baya kawai ya mayar da cinikin.

Yanzu ku matso. A kundin dillalan Faris da Burasal akwai wani kaya da ake kira da sunan jiharku: Katsina. Mutum-mutumin yumɓu ne gasasshe, galibi mutum a zaune bisa kifaffiyar tukunya, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ana ƙiyasta shekarunsa wajen 2,000. Yana da 'yan uwa: na Sakkwato mai nauyin gira da gemu, da babban yayansu na Nok a kudancin Kaduna. Ba aljanu suka kai su Turai ba. Mutane ne suka haƙa da dare, aka ba su na cefane, kaya ya bi ta Kwatano ko Lome, ya sauka a shagon da ko ƙofarsa mai haƙar ba zai samu shiga ba.

"Ƙarya ce, wane mahaukaci zai sayi fasasshiyar tukunya?" Baba na Kurfi, ka iya bakinka, don mai sayen shugaban ƙasa ne. Gwamnatin Jacques Chirac ta Faransa ta sayi na Nok biyu da na Sakkwato ɗaya daga hannun wani dillali a Beljiyam, ta girke su a gidan tarihi na Louvre a 2000. A shekarar ce kuma majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jan jerin kayan Afirka da ake wawushewa, da Nok da Sakkwato da Katsina a ciki. Kunya ta kama Faransa. A 2002 aka daidaita: kayan na Najeriya ne, amma an ba Faransa aro na shekara 25. Ku lissafa da kanku, wa'adin na bakin ƙofa. Ni dai ban ga wanda ya fara share wurin ajiyewa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Breker, da duk dattin da ke jikinsa, an san ranar haihuwarsa, da malaminsa, da wanda ya biya shi. Maginin namu ba a san sunansa ba, ba a san yarensa ba, ba a ma san ko mace ce ba, kodayake a ƙasar nan mata ba baƙin yumɓu ba ne. Mai haƙa ya ɗauke kai ya watsar da gawayi da tsingaro da ke gefensa, alhali su ne za su faɗa wa masana shekara da irin zaman da mutanen suka yi. Ku dubi bambanci da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda aka tona kaburbura bisa ƙa'ida a 1992, aka kai kayan Mainz ta Jamus aka gyara: daga nan aka gane sarakunan wurin na hulɗa da duniyar Musulunci mai nisa tun ƙarnuka da dama.

Na hango wani matashi ya miƙe yana neman magirbi da diga. Zauna, ɗana. Dokar 1979 ta hana sayar da kayan tarihi ga kowa in ba hukumar gidajen tarihi ba, kuma kasuwar ta cika da jabu, har dillalan sai sun kai yumɓu ɗakin gwaji kafin su taya. In garmarka ta tono kai a gona, gidan tarihi na nan a tsohuwar Kwalejin Katsina, ga kuma jami'ar tarayya a Dutsin-Ma tun 2011. Mutanen Kurfi, kuɗin mota kawai zai ci muku, kuma na san shi ne za ku tsaya yi wa ciniki.